Shekarun da Inji Ya Ba Hansatu

Shekara uku na yi a lekol, makarantar boko, kafin mahaifinmu ya ce karatun ya isa haka, in dawo gida in koyi haɗa turare a wurin kakata. Abin da na kwaso a can bai cika cokali ba. Na iya lamba, na iya ɗan rubutun nan, na kuma san wata gajeriyar kalmar Faransanci mai 'yar hula a kan harafin farko, wadda in ka gan ta a takarda, lambar da ke gabanta shekarun mutum ce. Da ban san kalmar nan ba, da 'yar wana ba ta kwanta asibiti ba.

Sunana Zaliha, amma duk unguwarmu ta Ridina, Maiturare ake ce mini. Akwai wasu sunayen da ake kirana da su a bayan idona, na sani, don ni ma ina da waɗanda nake kiran mutane da su a bayan nasu idon. Ba na sata, ba na cin amana. Labari ne dai in ya shiga kunnena sai ya yi ta yi mini ƙaiƙayi har sai na sauke shi a gidan wani.

Hansatu 'yar wana ce, marigayi Alhaji Gado. Ciwon sukari ne ya kayar da shi. Sai da aka yanke masa ƙafa, ya yi wata bakwai a kwance, sannan Allah ya karɓi abinsa yana da shekara sittin da biyu, kuma Hansatu ce ta yi jinyarsa daga farko har ƙarshe. Ita shekararta arba'in da biyar, mace mai jiki, mai dariya har da dukan cinya. Labule da zannuwan gado na gwanjo take sayarwa a kasuwar Dembé. Kafin azahar ta shanye kofi shida na shayi, kowanne da sukarin da zai ishi gida guda.

'Yarta Hidaya, mai aikin buga takardu a wata makaranta, ita ta matsa mata lamba har ta kai ta wani farmasi, kantin magani, a unguwar Paris-Congo inda aka kawo injin auna jiki. Ba irin sikelin da muka sani ba ne. Sai ka cire takalmi ka taka wasu faifayen ƙarfe, ka riƙe hannaye biyu kamar mai tuƙa babur, ka tsaya shiru. Can sai ya tofo takarda: ga nauyin kitse, ga na tsoka, ga na ruwa, ga na ƙashi, har da kitsen da ya ɓuya a cikin ciki inda ido ba ya gani.

Gaskiya ɗaya ce, injin ya yi amfani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yarinyar da ke kula da shi ta ga kitsen cikin Hansatu ya yi yawa, ta tura ta gwajin jini, likita ya ce sukari ya fara leƙowa amma bai shigo ɗaki ba tukuna. Ya ce ta rage shayi, ta riƙa takawa da ƙafa da sassafe, ta ci wake da kifi da ganye, tuwo kuma ta rage malmala. Ba wani abu mai wuya ba. Har ta fara, tana yi tana mita, Hidaya tana yi mata dariya.

Ranar wata Asabar na je gidansu kai turaren da Hansatu ta ce in haɗa mata. Na tarar da takardar a kan firji, an danne ta da kwalbar man zaitun. Hannuna bai san ya bar takarda a kwance ba. Na ɗauka, na nisanta ta da ido, duk Faransanci ne mai tsawo, sai can ƙasa na hango ƙawata, kalmar nan mai hula. A gabanta an rubuta sittin da ɗaya.

Dariya ta kama ni har sai da na zauna a kan buhun shinkafa.

"Hansatu, ashe 'yan shekaru kaɗan na ba ki? Ga shi nan inji ya tona miki asiri, sittin da ɗaya."

Ta bar yankan kuɓewar da take yi ta dubi Hidaya. Ashe da yarinyar ta karanta mata takardar, da gangan ta tsallake layin. Hidaya ta harare ni, ta shiga yi wa uwarta bayani da sauri, wai ba shekarun haihuwa ba ne, kirdado ne kawai da injin ke yi, yana kwatanta jikin mutum da na wasu, kuma in an gyara cin abinci lambar kan sauka. Hansatu ta yi 'yar dariya ta ce to ai shi ke nan, ta koma kan kuɓewarta. Na lura ba ta sake magana ba har na tafi, amma na ɗauka yajin da ke kusa da ita ne ya dame ta.

Da na bar maganar a nan, da ƙila ta mutu a nan. Sai ga suna a gidan Asma'u, maƙwabciyata, bayan kwana huɗu. Mata cike da tsakar gida, namu na nan da baƙin da suka zo daga Najeriya kwanan nan, ana jiran a sauke shinkafa, hira ta yi sanyi. Hansatu na shigowa na tashi daga kan tabarmar tsofaffi na ce a matsa wa Yaya Hansatu. Aka tambayi dalili, na bayar, har da ƙarin gishiri. Na ce a zaɓo mata nama mai laushi saboda haƙora. Wata ta ce a nemo mata sanda. Aka yi ta shewa, ita ma tana dariya, har ta ce mini Allah ya shirye ki Goggo.

Kafin mako ya zagayo maganar ta riga ni isa Dembé. Maƙwabtan rumfarta, da yake Larabci ake yi a can, suka laƙaba mata ajuza, wato tsohuwa. Masu turo kaya a baro ma haka suke kiranta. Ni kuwa da na ji, har wani daɗi na ji, irin na wanda ya yi shuka ta fito.

Da azumi Hansatu ta fara, Litinin da Alhamis. Wa zai ce don me? Sai ta ƙara da kwana uku na tsakiyar wata. Sai ta koma yau azumi gobe hutu. Mijinta Zakariyya, mai fataucin kayan gyaran mota, rabin wata yana hanya, da ya dawo ya ga yadda wuyanta ya zurma sai ya ce ya hana nafila, tunda sai da izninsa. Ta ce to. Washegari ta tashi da azumi, ta ce wannan ramuwa ce, na shekarun haihuwa da shayarwa da ba ta gama biya ba. Dole ya ƙyale ta. Miji na iya hana nafila, amma ba ya hana farilla, kuma ba mai sanin yawan ramuwar mace sai ita da Ubangijinta.

Lokacin kuwa bazara ta tsaya, irin zafin watan huɗu da ko ƙadangare ba ya tsallaka titi da rana. In an sha ruwa ba ta cin komai sai kokwamba da ɗan zoɓo marar sukari, karkanji kamar yadda ake ce masa a nan. Ruwan ma ƙididdige shi take yi, don ta lura in ta sha da yawa sikeli na hawa. Ga wani ganyen rage ƙiba da wata ta sayar mata a kasuwa, mai sa mutum zaryar bayi. Duk wannan daga baya na ji shi.

Abin da na gani da idona shi ne yabo. Mata na cewa masha Allah, Hansatu ta zama yarinya, hasken ibada ya fito mata. Ni da na san jikin mata, shekara hamsin ina turara amare da masu jego, na ga ba haske ba ne. Fatar damtsenta ta saki kamar tsohuwar jaka. Leɓenta ya tsage. Wata rana a rumfarta na ga ta kama dilar labule, wadda da takan jawo da hannu ɗaya tana waya da ɗayan, ta ja, ta ja, ta bari, ta zauna tana haki. Na ce mata ta sassauta. Ta ce, "Ibada ce, Goggo," ta juya tana gyara zannuwan da ba su ɓaci ba.

Ni da Hidaya wasan jika da kaka muke yi tun tana rarrafe. Ba ta taɓa shigowa gidana ba tare da ta tambaye ni yaushe zan mutu su ci gumba ba, ni kuma in ce sai na ga furfurarta. Ranar wata Talata da hantsi ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni kamar baƙuwa. Tun daga nan na san ba lafiya ba.

Ta ce uwarta ta koma wurin injin sau huɗu ba da saninta ba. Kullum da la'asar take zuwa, tana ɗauke da azumi, don a lokacin ta fi rashin nauyi. Nauyin ya sauka ƙwarai, kilo goma sha ɗaya, amma injin ya ce kason kitse ya ƙaru, tsoka ta ragu. Ta miƙo mini takarda ta ƙarshe, wadda ta tsinta a cikin littafin addu'o'in uwar.

"Ai kin iya karanta wannan layin, Kaka. Karanta."

Sittin da biyu.

Na daɗe ina kallon lambar kafin abin ya faɗo mini. Wana Gado. Ni da na zauna makokinsa, ni da na yi ta faɗa wa masu gaisuwa cewa sittin da biyu ai ba tsufa ba ne, ban taɓa haɗa lissafin ba sai ranar. Hidaya ta ce uwar ta fara raba sarƙoƙinta, ta kuma nuna mata inda ta ajiye takardun rumfa.

Na yafa lafayata na hau babur ɗin haya, abin da na rantse na daina, har Paris-Congo. Da faɗa na shiga farmasin. Yarinyar mai kula da injin ta bari na gama, ta ba ni kujera, sannan ta yi mini bayani da Larabci a hankali. Ta ce wata 'yar wutar lantarki ce da ba a ji take ratsa jiki, kuma ruwan jiki take bi. In mutum ya bushe da ƙishirwa, wutar ta sha wuyar wucewa, sai injin ya ɗauka kitse ne ya tare ta. In kuma mutum ya ƙi cin abinci, jiki tsokarsa yake fara ci, lambar shekarun nan kuwa tsoka take dubawa. Ta ce duk ta faɗa wa Hansatu, har ta ƙi auna ta a zuwa na uku, sai Hansatu ta jira ranar da ba ita ke aiki ba.

Na ce ta auna ni. Na cire silifa na hau, cikina cike da kunu da ruwan randa. Inji ya ba ni hamsin da tara, ni da na haura saba'in. Ban yi murna ba. Dabara ce ta zo mini.

Ranar Alhamis na ɗauki azumi, ni da rabona da nafila tun mijina na da rai. Na ƙi sahur da gangan, na yi yawo cikin rana har harshena ya zama kamar ɓawon itace, da la'asar na koma na hau. Sittin da huɗu. Kwana biyu, shekara biyar. Na ninke takardun biyu na ƙulle a bakin zane, ina ta raya yadda zan shimfiɗa su a gaban Hansatu in ce ta duba maƙaryacin da take kashe kanta dominsa.

Ban kai gida ba waya ta yi ƙara. Zakariyya ne. Hansatu ta faɗi a rumfa tun azahar, an kai ta asibiti.

Sai washegari da safe aka bar ni na shiga. Ɗaki mai gado shida, fanka ɗaya tana juyawa kamar ba ta so. An sa mata ƙarin ruwa a hannu, Hidaya na zaune a gefen gadon da kofi da cokali. A baranda Zakariyya ya riga ya faɗa mini abin da likita ya ce: ƙoda ta bushe, kwana biyu ba ta yi fitsarin kirki ba tana ɓoyewa, da an ƙara yini ɗaya da sai an haɗa ta da injin wankin jini. Yana maganar yana kallon bango. Bai ce laifina ne ba, bai kuma ce ba laifina ba ne.

Na gaishe ta, ta amsa. Na kwance bakin zane na fito da takardun, na yi bayanin da na shirya, har da kwaikwayon yadda na tsaya a kan injin, ko za ta yi murmushi. Ta saurare ni har ƙarshe. Ba ta karɓi takardun ba.

"Goggo, na san inji ba shi ke raba kwana ba. Ban haukace ba."

"To me ya kai ki, 'yar nan?"

"Da a takarda ya tsaya, da na manta. Amma in na shiga kasuwa ajuza, in na je suna ajuza, mai baro ma ajuza. Kullum sai an tuna mini. In na kwanta sai in ga ƙafar Baba a cikin zanen da aka naɗe ta. Ni na karɓe ta daga hannun ma'aikacin, ke kina waje kina gaisawa da mutane."

Na ce wasa nake yi. Ta ce ta sani, ai ita ma ta yi dariya.

Hidaya ta ɗebo ruwa a cokali ta kai bakinta. Ta sha, ta sake sha. Na miƙa hannu in karɓi kofin in taimaka, yarinyar ta yi kamar ba ta gani ba.

Kwana tara ta yi aka sallame ta. Ƙodar ta farfaɗo amma ba duka ba. Likita ya ce haka za ta zauna da ita, ana dubawa duk wata uku, ba ganye, ba maganin ciwon jiki barkatai, ruwa kuwa ko ba ta jin ƙishi. An haɗa ta da wata mai ba da shawarar abinci, ta rubuta mata abin da za ta ci safe da rana da dare, Hidaya ta manna a ƙofar firji. Sukarin da aka fara don shi, yana nan inda yake, bai hau ba bai sauka ba.

Na bi gidaje ina janye maganata. Abin da na gano shi ne labari yana da ƙafa, gyaransa kuwa gurgu ne. In na ce injin kirdado yake yi, sai a ce to yanzu nawa ya ba ta. A Dembé na tsaya gaban rumfunan maƙwabtanta na zazzage su da Larabcina mai karaya, na ce duk wanda ya sake cewa ajuza sai na tona abin da na sani a kansa, kuma sun san na sani. Wannan kam ya yi aiki, ya fi wa'azi.

Bayan mako uku na dafa farfesun kifi, ɗanye daga bakin kogi, ba gishiri sosai kamar yadda aka ce, na kai mata. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta ɗan ciko, amma idon nan mai dariya bai dawo ba. Ta sa Hidaya ta juye a kwano, ta ci loma huɗu ko biyar a gabana. Na ji kamar an sauke mini dutse.

Sai ta ajiye cokali ta ce jiya sun koma asibiti. Ta tambayi likita maganar watan azumi, tunda ana ta lissafin watannin da suka rage. Ya ce bana kam babu, baɗi ma sai an gani. Zakariyya ya je wurin malami, malam ya ce ta sha, lalura ce, in abin ya zama na dindindin sai ta ciyar.

"Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ban taɓa shan Ramadan haka kawai ba," in ji ta. "Yanzu zan zauna a rumfa da gorar ruwa, kowa na kallo."

Na ce Allah ya san zuciya, ya kuma yi rangwame ga marar lafiya. Na ce mutane za su fahimta.

"Za su tambaya dai. Ni kuma ba ni da ƙarfin yi wa kowa bayani." Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. "Ke za ki gaya musu, Goggo. Ki fara tun yanzu, gida gida, kafin wata ya kama. Ki faɗa musu dalilin da ya sa Hansatu za ta sha ruwa da rana, tun daga kan firji. Kada ki rage komai, kada ki ƙara."

Na ce to.

Ta ja kwanon ta ci gaba da ci a hankali, tana zare ƙaya tana ajiyewa a gefen faranti. Na zauna har ta gama. Da na tashi tafiya Hidaya ta raka ni bakin ƙofa, ta miƙo mini kwanona a wanke, ta ce in gaida gida. Daga nan gidan Asma'u ya fi kusa, can kuma mata suka fi taruwa da yamma. Na tsaya a ƙofarta ina jin muryoyinsu da ƙarar kofunan shayi, na gyara lafayata sau biyu, sannan na yi sallama.